Abin kallo daban, ƙasaita daban

Ɗan ƙanena ya samu gurbin koyon aiki a wani gidan rediyo, a sashen labarai. Aikinsa shi ne a miƙo masa labari da Turanci, ya juya shi zuwa Hausa kafin mai karantawa ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye. Rannan bayan la'asar ya zo gaishe ni, bai ko gama zama ba ya zaro takarda daga aljihu.

"Baffa, don Allah duba mini wannan. Edita ya yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma ya ƙi gaya mini laifina."

Labarin ƙwallo ne. An je har gida an lallasa wata ƙungiya, Baturen da ya rubuta labarin ya kira abin da "spectacular failure". Yaron nan ya buɗe ƙamus a wayarsa, ya ga kalmar farko tana nufin abu mai ƙayatarwa, ya ga ta biyu tana nufin gazawa, sai ya ɗaura musu aure: "Ƙungiyar ta yi gazawa mai ƙayatarwa."

Ni ma na dara. Na ce masa, "Kai yaro, wa aka ƙayatar? Magoya bayan da suka koma gida suna hawaye?"

Dariyar ba ta je ko'ina ba, don a satin nan na ci karo da kalmar "spectacular" a wani wuri. Wani shafi ne ya ɗauko rahoton wata jaridar waje a kan hawan sallah, inda aka kira shi "spectacular durbar". Mai fassarar ya ce "ƙasaitaccen hawa", masu tsokaci a ƙasa kuma sai murna ake, duniya ta yaba mana. Wannan babu wanda ya yi masa dariya, alhali kuskuren ɗaya ne da na ɗan ƙanena, sai dai shi ya fi iya sa riga.

Matsayina a kan wannan kalma shi ne: ta ido ce, ba ta zuciya ba. Abin da take cewa kawai shi ne abu ya fizgi ido, ya sa mutane sun tsaya suna kallo. Ba ta ce abin yana da kyau ba, ba ta ce yana da amfani ba, ba ta ce yana da daraja ba. Mu ne muke ɗora mata wannan nauyin idan muka fassara ta da ƙasaita. Fassarar da ta fi kusa da ita tana bakinmu kullum, ita ce "abin kallo". Kuma ina ganin ya kamata mu daina karɓarta hannu bibbiyu kamar an ba mu lambar yabo, musamman idan aka jingina ta ga al'adunmu ko ga ayyukan masu mulkinmu.

Daga ina ta fito?

Tushenta Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da kalmar "spectare", wato kallo, daga ita suka samo "spectaculum", wasan da ake taruwa a kalla. Ingilishi ya ari wannan ya mayar da shi "spectacle", daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 17, aka samar da sifar da muke magana a kanta.

'Yan uwanta duk na ido ne. Ɗan kallo "spectator" ne. Tabarau "spectacles" ne. Har sufeton 'yan sanda ɗan gidan ne, don daga "inspector" muka aro sunan, mai leƙa abu ya duba. Ashe mun daɗe da jinin kalmar a bakinmu ba mu sani ba.

To wane irin wasa Rumawa suke kira da wannan suna? A shekara ta 80 miladiyya Sarki Titus ya buɗe katafaren filin wasan nan na birnin Rum da ake kira Colosseum, aka shafe kwana ɗari ana shagali. Shagalin kuwa shi ne a saki mutum da mutum su yi ta sara har ɗaya ya faɗi, ko a saki mutum da zaki, dubban jama'a suna shewa daga kan benaye. Wannan shi ne kakan kalmar. Tun ranar sunanta ba a yi mata alkawarin za ta riƙa nufin alheri ba.

Shi ya sa har yau idan Bature ya ce wani ya mayar da kansa "spectacle", ba yabonsa ya yi ba. Mu ma haka muke cewa. Idan matar aure ta fito tsakar titi tana dambe da kishiya, ko dattijo ya tuɓe riga a tasha a kan canjin naira ɗari, cewa ake ya zama abin kallo. Amarya ma ran kamu abin kallo ce. Gobarar kasuwa abin kallo ce. Kalma ɗaya ta ɗauke su duka ba ta zaɓi ɓangare ba, daidai yadda ta Turancin take.

A gidan kallon ƙwallo

Yawancin samarinmu ba a aji suka fara jin wannan kalma ba, a gidan kallon ƙwallo suka ji ta, daga bakin mai sharhi, janareta na ruri a waje. Kuma a can an fi fahimtarta fiye da yadda ake fahimtarta a wasu ɗakunan labarai.

Ranar 22 ga Yunin 2018, a birnin Volgograd na Rasha, Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu. Ta farkon, an kwaso masa ita daga dama, ya miƙa ƙafa ya sauke ta, kafin ta gama dira ya ɗirka ta cikin raga. Duk wanda ya kalla ya san abin da ido ya gani. Wannan ita ce ƙwallon da ake kira da kalmar, kuma a nan ta yi daidai da yabo.

Amma a tuna 8 ga Yulin 2014, a Belo Horizonte, wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya. Jamus ta zura wa Brazil ƙwallo biyar kafin a cika minti talatin, aka tashi bakwai da ɗaya, a gidan Brazil, a gaban matansu da 'ya'yansu. Bature zai kira wannan rugujewa da kalmar nan ba tare da ya ji ya yi tuntuɓen harshe ba. Ba nufinsa Brazil ta burge ba. Nufinsa faɗuwar ta yi ƙarar da ba mai iya kau da kai.

Da Hausa me za mu ce? An yi musu cin kaca. Sun sha kashi na ban mamaki. Sun yi faɗuwar baƙar tasa. An yi musu dukan kawo wuƙa. Ga su nan birjik, kowacce ta fi "gazawa mai ƙayatarwa" nesa ba kusa ba. Matsalar ɗan ƙanena ba rashin kalmomi ba ce. An koya masa cewa kowace kalmar Turanci tana da takwara guda ɗaya tak a Hausa, ko ina ta je ita za ta bi ta.

Ƙasaita kuma fa?

Ƙasaita nauyi gare ta. Idan aka ce ƙasaitaccen malami, ba rawaninsa ake nufi ba. Yana iya zama a kan buzu a zaure mai yoyo, riga ɗaya, amma idan ya yi magana gari ya yi tsit. Ƙasaitaccen attajiri ba lallai ne ka gan shi a mota mai sheƙi ba, a Kantin Kwari akwai waɗanda za ka ɗauka masu gadin shago ne. Ƙasaita tana tafe da iko, da asali, da cika, da kwarjini. Makaho ma yana sanin ƙasaitaccen mutum ya shigo, daga yadda muryoyi suka sauka.

Makaho ba ruwansa da "spectacular". Idan aka ɗauke ido, babu abin da ya rage a cikinta.

Wannan shi ne bambancin da nake ta ƙoƙarin nunawa. Idan aka ce mana "spectacular" muka ji "ƙasaitacce", mun ba wa mai maganar ladan abin da bai faɗa ba.

Hawan sallah da hawan daba

A nan ne abin ya fi ci mini rai, don haka zan ɗan daɗe.

Kalmar "durbar" da ake haɗawa da ita ma baƙuwa ce. Daga Farisanci take, "darbar", fadar sarki ko zaman fada. Turawan Ingila sun tsince ta a Indiya, suka mayar da ita sunan gagarumin taron da suke tara sarakunan ƙasar su yi mubaya'a ga sarautar Ingila. Sun yi irin wannan a Delhi sau uku: 1877, 1903 da 1911. A na ƙarshen Sarki George na biyar da kansa ya halarta.

Na 1877 shi ne wanda ya kamata duk mai son wannan kalma ya sani. An shirya shi ne don shelanta Sarauniya Victoria a matsayin mai mulkin Indiya. An yi giwaye, an yi tutoci, an yi liyafa. A daidai lokacin kuwa yunwar da ta fara a 1876 tana cin kudanci da yammacin ƙasar, yunwar da ta kashe miliyoyin mutane kafin ta lafa a 1878. Taron ya cika abin kallo, wannan ba musu. Wa zai iya buɗe baki ya kira shi alheri?

Lugard, gwamnan mulkin mallaka a Najeriya, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a can. Da shi da ire-irensa ne suka taho mana da salon. Aka yi a Zariya a 1911 don bikin naɗin Sarki George, aka yi a Kano a 1925 don Yariman Wales, aka yi a Kaduna a watan Fabrairun 1956 don Sarauniya Elizabeth. Bayan samun 'yancin kai ma ba a bari ba, an yi wani babba a Kaduna a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, har otal aka gina da sunan. Kakanninmu suka lanƙwasa kalmar ta dace da bakinsu, suka ce hawan daba.

Ka lura da hikimarsu. Ba su ce masa hawan sallah ba. Sun ba shi suna daban saboda sun san abu ne daban. A hawan daba, akwai rumfa, akwai babban baƙo a zaune a inuwa, sarakuna suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. An shirya shi ne domin idon wanda ke cikin rumfar. Wannan kam "spectacular" ne na asali, ba wanda zai yi jayayya.

Hawan sallah ya girme shi da ɗaruruwan shekaru. Tarihin Kano yana danganta kakaki da figini da takalmin gashin jimina da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A lokacin babu jaridar waje, babu mai ɗaukar hoto, babu ɗan yawon buɗe ido. To don wa ake yi?

Duba yadda kwanakin suke a Kano. Ran sallah sarki ya je idi ya dawo. Washegari hawan Daushe, ya zaga ya je Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi jahi. Rana ta uku hawan Nassarawa, a je gidan gwamnati, a ratsa ta Sabon Gari inda baƙin gari suke. Sannan a fita Ɗorayi ko Fanisau. A Daura akwai hawan Magajiya, a Katsina da Zazzau akwai hawan Bariki. Kowane hawa ziyara ce, akwai wanda ake zuwa wurinsa, akwai abin da ake zuwa faɗa. Mutumin da gari duka ke faɗuwa a gabansa, ga shi ya hau doki a gaban kowa ya tafi gaida tsohuwarsa. Wace kalmar kallo ce za ta ɗauki wannan?

Na taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ran hawan Daushe kusa da wani dattijo, bazagi ne a da, ƙafa ta hana shi bin doki. Ni ina kallon ado: lifidi, sulke, kwalkwali, alkyabba mai aiki, hayaƙin bindigogi. Shi kuwa karatu yake yi. Tawaga na tahowa tun daga nesa zai ce wannan hakimin gari kaza ne, ya gane daga kiɗan. Ya ce wancan bana dawakinsa sun ragu, a bara sun fi haka, akwai magana. Ya nuna wani matashi a bayan wani hakimi ya ce, ka ga inda aka ajiye shi? Shi ake shiryawa. Da aka zo jahi, mahaya suka sako dawaki a guje, suka ja linzami dab da sarki, ƙura ta turnuƙe, suka ɗaga hannu. Ni numfashina ne ya ɗauke. Shi tsaki ya yi, ya ce na ukun daga hagu bai iya zama a sirdi ba, dokin aro ne.

Ni ɗan kallo ne a ranar. Shi jaridar shekara guda yake karantawa: wa ya zo, wa bai zo ba, wa ya matso gaba, wa aka mayar baya, wa yake da ƙarfi har yanzu. Jahi ba wasan sukuwa ba ne, mubaya'a ce ake sabuntawa, da makami a hannu, ana cewa ga mu, ga dawakinmu, naka ne. Mai rahoton da ya rubuta "spectacular" ya ga abin da na gani. Bai ga abin da tsohon ya gani ba, kuma ban zarge shi ba, iyakar abin da baƙo zai iya gani ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu 'yan gida mu ari idonsa mu riƙa duban kanmu da shi.

"Ai hawa dama don a kalla ake yi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba wanda zai kashe kuɗi ya ɗinka wa doki jalala da ɗan kai, ya yi wata guda yana ba shi dawa da kanwa, don ya hau shi a ɗaki. Ado don ido ake yin sa. Yara suna hawa katanga da bishiya don su gani. 'Yan mata suna cin kwalliya su fito. Sarauta kanta tana bukatar a gan ta, sarkin da ba a gani sai a fara raɗe-raɗin ba shi da lafiya.

Har ila yau dole in amsa cewa ba duka hawan ne ya tsira daga hannun Bature ba. Hawan Nassarawa da hawan Bariki, sunayensu ma sun tona asirinsu: zuwa ne wurin Razdan a zamanin mulkin mallaka, yau gwamna ya gaji kujerar.

Amma a kalli abu daban, a yi shi domin kallo kawai daban. Sallar idi ma ana kallonta, sahu ya miƙe, fararen kaya har iyakar gani, hoto ne mai kyau ƙwarai. Duk da haka ba wanda zai ce an je idi ne don a yi hoto. Ranar da aka fara gyara sahu saboda mai kyamara, ba saboda liman ba, ranar an samu matsala.

Kuma alamun haka sun fara bayyana a hawa. Yanzu za ka ga matashi ya yi hayar doki da kaya, bai san sunan hakimin da yake bi ba, a tsakiyar tawaga ya saki linzami ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa. Za ka ga an shigo da kayan da ba su da asali a ko'ina, launi dai ya yi ihu. Idan ma'aunin shi ne abin da ya fi fizgar ido, yaron nan ya fi tsohon bazagi gaskiya, don hotonsa zai fi yawo.

"Kalmar tana kawo baƙi, baƙi suna kawo kuɗi"

Haka ne. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a zamanta na birnin Asunción a Paraguay, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Na yi murna, kowa ya yi. Masu otal, masu sayar da rawani, baduku, maƙera, masu abinci, duk suna da rabo idan baƙi suka zo. Idan mai tallata yawon buɗe ido ya rubuta "spectacular" a takardarsa ta Turanci, aikinsa ya yi, ba ni da ja.

Sai dai a duba wani abu. A shekarar da aka ba da wannan shaida, da wadda ta biyo bayanta, an samu sallolin da jami'an tsaro suka hana hawa a Kano saboda rikicin sarauta. Da a ce hawa wasan nishaɗi ne kawai, me zai sa a hana? Ba a hana wasan wuta don ana shari'a a kotu. An hana ne saboda kowa ya san duk wanda aka yi wa jahi a Ƙofar Kudu, an faɗi wata magana da ta fi takarda ƙarfi. 'Yan sanda sun fahimci ma'anar hawa fiye da mai fassarar da ya tsaya a kan ado.

"Su Turawan ma yabo suke nufi"

Sau da yawa, e. Mutum zai tsaya a kan dutse ya hango gari ya faɗi kalmar, yana nufin wurin ya yi kyau. Kamfani zai ce ribarsa ta bana haka take. Yawan amfani ya sa ta lallasa, ta kusa zama kamar yadda muke cewa "ba a magana" ko "sai wanda ya gani". Ban ce duk inda ta fito a yi mata kallon zargi ba.

Abin da nake cewa mai fassara ya tsaya ya tambayi jimlar: me ya fizgi idon? Idan kyau ne, ga ƙayatarwa, ga ban sha'awa, ga burgewa. Idan girma ne, ga gagarumi, ga katafare. Idan ba-zata ne, ga ban mamaki. Idan ɓarna ce, ga mummuna, ga abin kunya. Idan taro ne ya yi daɗi, ka ce ya yi armashi. Wani zai ce wannan ya nuna Hausa ba ta da kalmar. Ni kuwa gani nake Turancin ne ya cusa kaya biyar a buhu ɗaya, mu kowanne da mazubinsa.

'Yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi da suka yi boko da Faransanci ba su cika faɗawa wannan rami ba, don a can "spectacle" sunan kowane wasan dandali ne, mai kyau da maras kyau. Sun san ta tun tana tsirara.

Inda abin ya wuce batun ƙamus

Wani zai ce duk wannan ɗaga jijiyar wuya a kan kalma ɗaya? To ga inda take shafar tuwonmu.

Wani mawaƙin Rumawa, Juvenal, ya yi wa mutanen zamaninsa gorin cewa sun sallama komai, abu biyu kawai suke nema a wurin masu mulki: burodi da wasanni. Kusan shekara dubu biyu ke nan. Mu an ma rage mana, sau da yawa wasannin kawai ake kawowa.

Kowa ya taɓa ganin bikin buɗe aiki. An kafa rumfuna, an yi anko, an kawo makaɗa, an jera motoci, an yanka kyalle, an saki ruwa daga famfo, mai girma ya wanke hannu ana tafi. Bayan sati uku ka koma, famfon ya ƙafe, 'yan garuwa sun dawo layi. Akwai wani asibiti a unguwar da na taɓa zama, ranar buɗe shi har da jan kafet. Da na kai matata haihuwa bayan 'yan watanni, da fitilar waya aka duba ta, ni na fita nemo safar hannu a kemis da tsakar dare.

Aikin da ke riƙe da rayuwa yawanci ba ya ɗaukar ido. Bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa yake. Albashin malamin firamare ba a yanka masa kyalle. Kwashe magudanar ruwa kafin damina ba ya hoto. Allurar rigakafi a ƙauye ba ta da makaɗa. Gadar sama kuwa ko daga jirgi ana hango ta. Ban ce gada ba ta da amfani ba, ina bi ta kai kullum. Amma idan mai mulki ya gane cewa jama'arsa ba sa bambanta abin kallo da ƙasaitaccen aiki, ya san inda zai zuba kuɗi. Kuma idan gidan rediyo ya karɓi takardar da ofishin yaɗa labaransa ya rubuta da Turanci, ya ga "spectacular", ya karanta wa talakawa "ƙasaitaccen aiki", ya taya shi ba tare da an biya shi ba. Ko da yake wani lokacin an biya.

A gidajenmu ma haka. Biki ya tashi daga kamu da wuni da kai amarya, ya koma taro biyar a zauren haya, kowanne da ankonsa, da hayaƙin da ake busa wa ango da amarya a ƙafa kamar sun sauko daga gajimare. A ci bashi a yi, a ɗora a waya, a samu masu cewa ba a taɓa irinsa ba. Wata shida a dawo ana rabon kayan ɗaki. Bikin ya cika sharuɗɗan kalmar nan tsaf. Auren ne bai samu komai ba.

Ɗan ƙanen nawa ya dawo bayan kwana biyu da wata takardar. Wannan karon rahoton wani bikin buɗe kasuwa ne, kalmar ta sake fitowa. Ya rubuta, "An yi bikin da ya zama abin kallo."

Ya ce, "Baffa, edita ya soke, ya mayar da shi ƙasaitaccen biki. Wai abin kallo kamar da zagi a ciki, masu bikin za su kira waya."

Na tambaye shi ko an gama ginin kasuwar.

Ya ce saura rufi da wuta.